Man Shanun Kaka da Zumar da Na Sa Aka Cika

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji uku a firamaren Badarawa. Ruwa ya ɗauke da hantsi, gero ya kai ƙugun babba, ƙasa sai ƙamshi take yi. An tashe mu da wuri saboda ɗakin ajinmu yana yoyo, muka tsaya gindin dalbejiya muna 'yar carafke, sai ga saƙo wai Kaka na nemana maza. Na shiga gida da laka har idon sawu, na iske ta a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu, ta rungume goran kaɗa nono tana jijjiga shi gaba da baya. Ta sa zanen da ba ta ɗaurawa sai da Sallah. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Rabi, wanke hannunki da bakinki, yau aiki gare ki."

Kaka mahaifiyar babanmu ce. A rugar Fulani aka haife ta can wajen Zurmi, aure ya kawo ta cikin manoma. Ƙanenta ɗaya ne a duniya, Sambo, wanda duk gidan muke kira Kawu Sambo ko da yake mu yara ba mu taɓa ganinsa ba. Lokacin da mahaifiyarsu ta rasu, gulbi ya cika, saƙo bai iso wa Kaka ba sai bayan kwana uku. Ta je ta'aziyya da zafin rai, ta faɗa masa magana mai nauyi a gaban mutane. Shekara bakwai ke nan ba wanda ya taka ƙofar wani. To a makon nan ne wani mai sayar da dabbobi ya kawo labari cewa Kawu Sambo zai tashi da shanunsa zuwa kudu mai nisa, kuma zai biyo ta Badarawa ranar Laraba da la'asar.

Abin da Kaka ta shirya tarbarsa da shi shi ne man shanu mai zuma da yaji, irin wanda mahaifiyarsu take yi musu suna yara. Da man ya taru a cikin goran, ta juye a ƙwarya, ta tsame shi da ludayi, ta wanke da ruwan randa mai sanyi har sau uku, sai da ruwan ya fita garau ba tsamin nono. Ni kuma aka ba ni ƙaramin turmi. Na daka busasshiyar citta da kanumfari da masoro da barkono ƙwaya biyu, ina atishawa, na tankaɗe a rariya. Ta ɗora kasko a kan garwashi, ta ajiye rabin man gefe, ta ɗan ɗumama rabi yadda zai yi laushi ba tare da ya narke ba, ta barbaɗa yajin da ɗan gishiri, sannan ta jawo kwalbar zumar da babanmu ya ɗebo daga amyarsa ta kan tsamiya.

A nan ne ta rage murya. Ta ce tun zazzaɓin da ta yi shekara biyu baya, harshenta bai ƙara jin ɗanɗanon komai ba, gishiri da sukari duk ɗaya suke a bakinta. Ba ta gaya wa kowa ba, har babanmu, don kada a karɓe mata tukunya a mayar da ita 'yar zaman ɗaki. "Ke za ki ɗanɗana mini," in ji ta. "Zaƙi ya fara zuwa, yaji ya biyo shi ya kama maƙogwaro. In kin ji haka ki ce ya yi."

Tun a cokali na biyu na ji abin da ta kwatanta. Amma ni yarinya ce da ba ta ganin zuma sai in tari ya kama ta. Kowane ɗanɗane lasa ɗaya ne, kuma na san da na ce ya yi, an rufe ƙwarya. Sai na ce da saura. Ta ƙara, ta cuɗa da muciya, na lasa, na ce da saura kaɗan. Haka muka yi har sau biyar. Ta dube ni ta ce, "Kin tabbata?" Na gyaɗa kai. Ta rufe da faifai, ta sa a inuwa kusa da randa, ni kuma na tafi ba awaki dusa.

Da la'asar Kawu Sambo ya yi sallama. Dogo ne siriri, da malfa da sanda, idanunsa irin na Kaka sak. Suka gaisa kamar baƙi, lafiya lau, lafiya lau, ya shanu, ya damina, kowa na kallon tabarma. Kaka ta kawo hoce mai zafi, wato gasasshen ƙullin dawa, ta buɗe ƙwaryar ta tura gabansa. Ya daɗe yana kallon man kafin ya gutsuri hocen ya shafa. Ya tauna a hankali, sannan ya ce, "Adda, kin mance na Inna. Wanga ai zuma ce anka sa ma mai."

Na ga fuskar Kaka ta canza. Ta juyo ta kalle ni inda nake raɓe jikin rumbu, kallo ɗaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira ta kira sunana, ba ta kira ba. Ta mai da kanta ga ƙanenta ta ce, "Ban mance ba, Sambo. Bakina ne ya mutu. Shekara biyu ban san abin da nika ci ba." Babanmu da ke zaune gefe ya ɗago kai da sauri. Kawu Sambo ya ajiye hocen. Ya ce, "Kuma ba wanda ya gaya mini?" Ta ce, "Wa za ya gaya maka? Ni na rufe hanyar."

Sai Kawu Sambo ya naɗe hannun rigarsa ya ce a kawo masa turmi da citta da sauran man da ba a taɓa ba. Dattijo mai furfura ya zauna tsakar gida yana daka kamar mace, matan gida na leƙe suna rufe baki. Yana ƙara mai da yaji yana ɗanɗanawa, yana ba Kaka labarin kwanakin ƙarshe na mahaifiyarsu, abin da ta ci, abin da ta ce, da yadda ta yi ta tambayar ko gulbi ya janye. Kaka tana ta share ido da gefen zane. Da ya gamsu, ya shafa a hoce ya miƙa mata. Ta ci duk da ba ta jin komai, ta ce, "Haka yake." Kwana ɗaya ya yi niyya, sai da ya yi huɗu.

Bayan tafiyarsa na je na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ta ce ta sani tun lasa ta uku, don ta ga yadda nake lumshe ido. Abin da ta ƙara kawai shi ne, "Wanda ya ba ki amanar abin da ba ya iya gani, kada ki ci." Ba ta sake ta da maganar ba, kuma har ta bar duniya ni ke ɗanɗana mata miya.

Yanzu ina aure a Kaura Namoda. Man shanu a roba nake sayensa, yajin kuma inji ke niƙa mini cikin minti ɗaya, yarana suna shafawa a burodi su ruga makaranta. Rugagen da muka sani wajen Zurmi yawancinsu sun watse, hanyar ma ba a binta da sakin jiki kamar da. Kawu Sambo bai sake dawowa arewa ba, a can ya rasu, sai dai saƙon gaisuwarsa bai yanke ba har ƙarshe. Wani lokaci nakan haɗa man nan ba don ina marmarinsa ba, sai don gidana ya ɗan yi ƙamshin mutanen da babu su.