Goggo Ba Ta Motsa Baki a Banza

Tun tana budurwa Goggo take waƙa a dandamalin gidan wasan kwaikwayo. A zamanin babu lasifika, sai ƙarfin ƙirji. In ta buɗe baki, har mai yanka tikiti a bakin ƙofa yana jin kowace kalma. Da wannan murya ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

Sai ciwon maƙogwaro ya kwantar da ita. Ta warke, amma muryar ta dishe.

Daraktan gidan ɗan ƙaninta ne, a bayanta ya girma. Ya same ta a ɗakin shiri tana shafa hoda, ya tsuguna.

"Goggo, muna da waƙoƙinki na da a kwamfuta. Mu saki, ke kuma ki riƙa motsa baki. Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane," in ji ta. "Mutane su baro gidajensu su zo kallon tsohuwa tana tauna iska? Akuya ka mayar da ni?"

"In muryar ta tsaya a tsakiyar wasa fa? Dole in ba wata matsayinki."

"Bari ta tsaya tukuna."

Mai kula da sauti, wata mata marar yawan magana, ita ta kawo wata makirfo 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar wake, ta manna mata a kunci da filasta. Goggo ta daɗe tana cewa makirfo kayan ragwaye ne, amma ta bari aka manna mata.

A gwajin farko ta wurga murya can layin baya yadda ta saba. Lasifikoki suka yi wata ƙara, makaɗa suka toshe kunnuwa, ita kuma tari ya sarƙe ta.

"Goggo, daina yi wa 'yan baya ihu," in ji mai sautin. "Yi kamar kina lallashin jika. Kai muryar gare su aikina ne."

Abin ya ba ta wuya, don bakinta bai san ƙasa-ƙasa ba. Ta dinga koyo a gida, tana wanke-wanke tana rera wa tukwane a hankali, jikokinta suna ƙunshe dariya.

Ranar wasa ta hango daraktan zaune kusa da kwamfuta, tsohuwar waƙar a shirye. Ta je har gabansa.

"Ɗan nan, kana taɓa madannin can zan rufe bakina gam, in naɗe hannu a gaban jama'a. Sai ka yi musu bayanin yadda bango ya koyi waƙa."

Aka buɗe labule, fitila ta sauka a kanta. Ta fara ƙasa-ƙasa, dishin da komai ya cika zauren. Da ta zo inda waƙar ke hawa sama, muryar ta tsinke. Daraktan ya kai yatsa kusa da madannin. Goggo ta juyo ta kafe shi da ido, ta ja numfashi, kowa a zauren ya ji jan numfashin nan. Ta sauko da waƙar inda maƙogwaronta zai iya, ta ci gaba. Makaɗa suka biyo ta.

Ya janye hannunsa ya cusa a aljihu.

Da ta sauko, tafi bai lafa ba ta ɓamɓare filastar ta miƙa wa mai sautin.

"Gobe ki nemo wata. Wannan cizo take yi."