Sandar da Muka Tuƙa Tuwo da Ita

Akwai ranar sunan da ba za ta taɓa fita daga raina ba, kuma ba don jaririn ba. Lokacin ina da shekara goma sha biyu, Baba yana karatu a Manchester, muna haya a saman wani gida a unguwar Withington. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar Ireland, tana zaune a ƙasa ita kaɗai. Kaka muke ce mata. Ni yarinya ce mai tsananin kunya, in manya suna wuri sai dai in yi ta kallo. Na san kofin da Kaka ta fi so, na san matakalar da ke ƙara in an taka, amma kafin a ji muryata an sha wuya.

Da Mama ta haifi ƙanena, Kaka ba ta nan, ta je wurin ɗanta a Birmingham. Ranar suna mata suka cika gida da safe, aka ɗora wata ƙatuwar tukunyar aro a bayan gida don tuwon shinkafa. Sai muciyarmu ta yi gajarta. Wata Anti, Bahaushiyar Ghana da ke jagorantar girkin, ta buɗe ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene tana neman abin da zai yi. Ta fito da wata doguwar sandar katako mai faffaɗan baki, ta ɗaga ta sama tana dariya.

"Ashe Turawa ma suna tuƙa tuwo suke ɓoye mana."

Kowa ya yi dariya. Ni ina tsaye kusa da ita, na ga abin da ba su lura da shi ba. A jikin bakin sandar akwai rubutu da shuɗin biro da ya koɗe, layi-layi, kowane da hannu daban. Wani ya rubuta nasa a karkace, wani ya danna har ya shiga katakon. Sunaye ne. Na buɗe baki, sai na ga duk iyayena ne a wurin, na rufe. Anti ta sa wuƙa ta kankare sandar, ta bi ta da soson ƙarfe da ruwan zafi har ta yi fari tas. Tuwon ya yi kyau, har ana cewa a nemo irinta a kasuwa. Da aka gama aka wanke ta, aka mayar inda take.

Bayan mako biyu Kaka ta dawo tare da ɗanta, tana ta murna. Ta kira ni ƙasa ta ce zan ga wani abu. Ta gaya mini cewa marigayi mijinta, lokacin da ya zo aikin gini a Birmingham yana saurayi, ya buga wa ƙungiyar 'yan gundumarsu da ke can wani wasan ƙasarsu da ake kira hurling, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda. Yanzu mutanen gundumar suna haɗa tarihin 'yan wasansu, na hurling da na ƙwallon ƙafarsu da ake kamawa da hannu, kowa yana kai abin da ya gada. Ita hoto gare ta na mutum goma sha biyar, da sandar da dukansu suka sa wa hannu ranar da suka ci kofi. Fuska huɗu kawai ta sani a hoton. Sauran sunayen suna jikin sandar, ba su a ko'ina kuma.

Tun kafin ta kama ƙofar ɗakin ajiyar na gane sandar da take nufi.

Ta ɗauko sandar ta juya wannan gefe, ta juya wancan. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta kai ta bakin taga. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ɗanta ya hau sama ya kira Mama da Baba. Da Mama ta fahimci abin da ya faru, sai ta dafe ƙirji tana salati, ta durƙusa da jariri a baya tana ba da haƙuri. Baba ya ce zai nemo sabuwa ko daga ina ne. Ɗan ya girgiza kai kawai.

Sai Kaka ta juyo gare ni, cikin taushin murya ta ce ai ni ba abin da ke wuce idona, shin ban ga rubutun ba? Na ce na gani.

Mama ta ɗago ta dube ni. "Kin gani, kika yi shiru?"

"Manya ne a wurin, Mama."

"Manyan sun ce ki bari a yi ɓarna?"

Ranar Lahadi Baba ya ce dole mu raka su taron haɗa tarihin a Birmingham, mu faɗi abin da ya faru da bakinmu. A zauren taron na tarar da tsofaffi sun kewaye hoton, wasu da sandar dogarawa. Baba ya yi bayani. Wani tsoho ya karɓi sandar ya shafa ta, ya ce shi dai bai taɓa jin an ci abinci da ita ba, 'yan kaɗan suka murmusa. Daga nan suka duƙufa kan hoton. Wannan ya nuna wata fuska ya ce wane ne ɗan garinsu, wancan ya ce a'a, ƙanensa ne. Aka buga waya Ireland. Har yamma ana yi, aka gano mafi yawansu. Uku suka gagara. Ɗaya yana gefen hagu, siriri, ya runtse ido saboda rana, hannunsa a kafaɗar mijin Kaka. Aka rubuta sunayen a ƙarƙashin hoton, aka bar gurbi uku.

Kaka ba ta kore mu ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba, har muka bar gidan. Amma ni nakan tuna da siririn nan. Ya bar ƙasarsu, ya yi aiki, ya buga wasa, ya rubuta sunansa a wuri guda, kuma ina tsaye aka kankare shi. A da ina ɗauka duk shirun da na yi a gaban manya ladabi ne. Tun daga ranar, in na ga za a yi ɓarna nakan faɗa, ko da manya ne a wurin.