Irin Babana a Akwatin Gilashi

Shekarar da aka yi baje kolin noma a sabon zauren taro na Gadarif, na sa jallabiyata ta Juma'a na tafi kallo. Ni da na tashi a bukkar ciyawa, ginin ya cika mini ido: bango duk gilashi, rufi a lanƙwashe kamar an kifa ƙwarya, ga wani dogon otal a gefensa yana ta ƙyalli. Da na ga darduma shimfiɗe tun daga bakin ƙofa, sai na tuɓe takalmina na shiga, sanyin na'ura yana ratsa ni.

A tsakiyar zauren na ga zangarniyar dawa uku a akwatin gilashi. Tun daga nesa na gane ɗaurin kabar da ke wuyansu, don babana kaɗai ke irin wannan ƙulli. Irinsa ne, wanda ya yi ta zaɓe kai-kai a gona tun ba a haife ni ba, dawar da ke nuna ko ruwa ya ɗauke da wuri. Ɗan maƙwabcinmu ne ya roƙe su ranar da ya zo ta'aziyyar Baba, wai na tabarruki. Ga shi tsaye cikin kwat, ga sunansa a jikin akwatin, yana gaya wa baƙi shi ya samar da irin.

Na yi sallama. Ya dubi ƙafata.

"Yaya, nan ba masallaci ba ne, ya zol," in ji shi, wato "kai mutum" da Larabcin garin. "Je ka ɗauko takalminka."

Aka yi dariya. Ya juya da Larabci ya ce musu ni ɗaya ne cikin leburorin gonarsa. Na fito raina yana tafasa, ban ƙara ɗaga kai na kalli gilashin kowa ba.

Dab da damina sai ga shi a gidanmu, baki har kunne. Ya ce manya za su zo ganin gonar gwajinsa a hanyar Gadambaliya, kai uku kuwa ba sa shuka gona. Buhu biyu na irin yake so.

Mu iri a rataye muke ajiye shi, inda hayaƙin murhu ke taɓa shi. Dawar ci ita ake binnewa a matmura, ramin hatsi, kuma in ta daɗe zafin ramin yana kashe ta, ko da ido na ganin ta garau. Kowane yaro a unguwarmu ya san haka, amma shi ya bar gida tun yana ƙarami. Na buɗe tsohon raminmu, na sa aka sheƙe dawar tas. Matata ta ce in ji tsoron Allah, na ce ina ji. Da hannuna na ɗora masa a mota, har da addu'a.

Ruwa ya sauka, gonar kowa ta yi kore. Tasa baƙar ƙasa ce fetal, sai ɗan tsiro nan da can. Ranar da manyan suka zo, na yi sammako na tsaya bakin hanya, kuma wallahi na ji daɗi har cikin ƙashina. Ba su daɗe ba suka koma motocinsu. Ya tako wurina.

"Yaya, me ka ba ni?"

"Dawa na ba ka, kwayyis kuwa, mai kyau. Da ka kai wa matarka, da kun ci tuwo har kaka."