Kaskon Goggo Kaltume

Goggo Kaltume ƙanwar mahaifina ce, kuma ta haura shekara talatin tana suyar kifi a bakin tashar Tiga. Tana 'yar shekara shida aka ɗora ta a kan kayan gidansu a bayan mota, lokacin da ruwan dam ya cinye garinsu. A sabon wuri maza suka koyi kamun kifi, mata suka koyi suya, ita kuwa ta fi kowa iyawa. Gyaɗarta take saye, ta matse manta da hannunta, in ya fara sauya launi ta juye shi a gwangwani a riƙa hura wuta da shi. Direbobin Tudun Wada da Doguwa don ita kaɗai suke taka birki. Ba ta da yawan fara'a, in ka taɓa mata kifi da hannu kafin ka saya za ka ji abin da ba ka so.

Kaskonta babba ne, kunnensa ɗaya ya taɓa karyewa, mai walda ya liƙa shi a karkace. A unguwarmu ba a sayen irin wannan kasko don biki, aro ake yi. Suna ne ko aure, babu gidan da bai shiga ba, kuma kowace mace da hannunta take wanke shi kafin ta mayar, da ɗan cincin a ciki na godiya. A unguwar na girma, na san wannan sarai, amma ranar da ya kamata in tuna ban tuna ba.

Ni ne Mujitaba, wanda ya yi difloma a Kano ya dawo yana jin kansa darakta. Bara muka haɗu mu shida muka shirya fim a kan abincin bakin hanya. Labarin wani direba ne da ya bar tuwon gidansa ya koma wa soye-soye da lemon kwalba, har hawan jini ya kwantar da shi, iyalinsa suka shiga wani hali. Niyyarmu mai kyau ce, wallahi. Abin da ya rage mana kawai hoton baƙin mai yana tafasa a kasko, irin wanda ake maimaitawa sati guda ba a sauya ba. Masu suya uku muka roƙa, duk suka kore mu. Sai na tuna ina da goggo.

"Goggo, kaskonki za mu ɗauka a hoto, ba fuskarki ba."

"Hoton kasko? Karatun da ka je yi ke nan?" Ta yi tsaki, ta ɗauki buta ta tafi sallar azahar, ta bar mana wurin.

Uzairu, mai riƙe mana kyamara, ya leƙa ya ce wannan man ya yi kyau da yawa, ba zai ba kowa tsoro ba. Da ma mun taho da jarkar ƙonannen mai da muka samo a wani wuri. Ni da kaina na juye nata a wata tukunya, na zuba baƙin, muka ɗauka, na goge kaskon tas na mayar da nata. Kafin ta dawo mun gama. Na ma ji daɗin wayona, tunda babu fuskar kowa a ciki.

Fim ya fita, masu tura fina-finai suka zuba shi a wayoyin mutane. Kwana biyu bai cika ba matan unguwa suka gane karkataccen kunnen nan. Direbobi suka fara wucewa ba su ko rage gudu. Da aka tashi sunan jikar maƙwabciyar Goggo, A'isha, wata unguwa aka je aron kasko. Ni kuwa sati biyu ina bin bayan gari don kada in bi ta tasha. Kunya ce ta hana ni, da tsoron bakinta.

Ranar da na daure na je, na tarar ta kife kaskon a tsakar gida, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na shirya jin zagin da na cancanta.

"Mujitaba, na ga abinku a wayar A'isha," in ji ta, muryarta a sanyaye, abin da ban taɓa ji ba. "Ashe idona ne ya fara tafiya. Ni ina ganin man nan garau, ashe haka ya zama nake ɗura wa bayin Allah. Tun jiya nake bin gidaje ina neman gafara, saura layin masallaci."

Na buɗe baki. Maganar cewa ni na zuba baƙin man tana nan a bakina, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba.

"Da ba ka nuna mini ba, da haka zan je kabari da hakkin mutane," ta ce. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Na ce amin.