Awon Jallabiyar Ɗan Majalisa

Shekarun baya, zamanin sojoji, ina ɗinki a kasuwar Omdurman. Wata rana wani Ba'amurke ya shigo shagona, lauya ne da ya zo aiki da masu agaji. Na ɗinka masa jallabiya, muka saba, har na kai shi gidanmu a unguwar Alsawra ya ci asida, tuwonmu na Sudan. Ya ba mu labarin talakawan da yake tsaya wa a kotun garinsu. Mahaifiyata ba ta gane ko kalma ɗaya ba, amma ta ce yaron yana da kunya.

Ya koma ƙasarsu, aka yi shekaru. Sai wani abokina ya ji a rediyo cewa mutumin ya ci zaɓe ya zama ɗan majalisa, kuma ba shi da aiki sai sukar gwamnatinmu. Ni da na ishi unguwa da "abokina Bature", sai na yi gum.

Wata safiya mutum biyu suka tsaya a ƙofar shago. "Usta tela, rufe ka biyo mu."

Wani gida suka kai ni a Khartoum, suka ajiye ni kan benci har la'asar. Ba abin da nake tunawa sai maƙwabcinmu da aka ɗauka haka, ya dawo bayan wata uku ba ya iya miƙewa. Addu'a ma sai ta riƙa kwance mini.

Daga ƙarshe wani hafsa ya ajiye a gabana wasiƙar da Ba'amurken ya aiko mini, da hatimin majalisar Amurka, an riga an farke ta. "Waɗannan lambobin, me suke nufi? Ranar me kuka sa?"

Na duba. Kafaɗa, ƙirji, tsawo.

"Yallaɓai, awo ne. Ƙiba ya yi, sabuwar jallabiya yake so."

Bai yi dariya ba. Ya kalli tef ɗin da ke wuyana, ya miƙe tsaye. "Auna ni." Na auna shi. Ya gwada lambobinsa da na takardar.

"Tafi. Kada ka kuskura ka ba shi amsa."

Da na isa unguwarmu na tarar da mahaifiyata a bakin titi, takalmi ƙafa ɗaya.

Ban ba shi amsa ba. Daga baya na ji ya bar majalisa, tsufa ya kama shi. Tsoron ranar nan ya daɗe da sakina. Abin da bai sake ni ba shi ne, mutumin yana can yana zaton raina shi na yi.