Agogon Ordinatar Malam Laminu

Ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da Madam Hadiza, shugabar wata ƙaramar lakwal, makarantar yara a Kara-Kara, ta tsayar da ni gaban tsohuwar ordinatar ofishinsu, wato kwamfuta, ba. Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina sitaj a wurinsu, wato koyon aiki na wata biyu.

Ta ce, "Alhamis za a rufe karɓar sunayen ƴan jarabawa. Lojisiyel ɗin, manhajar da aka aiko mu tura sunayen da ita, ya ƙi zama. In ba mu tura ba, yaran nan sun yi asarar shekara."

Na duba. Lojisiyel ɗin yana buƙatar mizajur, wato gyare-gyaren da na'ura ke saukewa da kanta ta intanet. Kamfanin da ya yi tsarin da ke kan ordinatar ya daɗe da daina kula da shi. Sababbin gyare-gyare ba su fitowa, amma tsofaffin suna nan. Na kwafo ɓangaren da ke nemo su a kan kile, ɗan filashin da ake soka wa na'ura, na sa da hannu. Na kuma gyara kwanan wata, domin na tarar ya koma shekaru baya, kuma ba a ba na'urar da agogonta ya ɓata komai. Ta fara saukewa.

Da muka dawo daga Azahar na same ta a kashe, agogon ya sake komawa baya. Na ɗauka kuran ne, wutar lantarki, ya ɗauke. Talata ma haka, har sau biyu. Ina rubuta lokutan a littafina, sai na lura duk lokutan salla ne.

Laraba na yi jinkirin fita alwala. Sai ga Malam Laminu, dattijon sakataren da ya girmi mahaifina. Ya yi bisimilla, ya kashe ta, ya zare wayarta daga bango, ya lulluɓe ta da zane.

Na ce, "Baba, kullum haka kake yi?"

"Ɗan sitaj, wadda ta riga ta ƙonewa ta yi. Kuran ya dawo da ƙarfi muna masallaci. Wannan kuwa shekarunta nawa? Ko tari ba ta taɓa yi ba."

Na buɗe ta, na nuna masa ɗan pil, batir mai kama da maɓalli, wanda ke riƙe agogo in an zare waya. Pil ɗin ya mutu. Na ce, "Kulawarka ce ta kawo ta yau, Baba. Amma yau kaɗai, a bar ta ta gama."

Ya dube ni, ya dubi bangon. "To. Samo pil ɗin wurin mai gyaran agogo. Sai dai ba za a bar ta ita kaɗai ba. Ka yi salla in tsare, in yi ka tsare."

Haka muka yi La'asar, hannunsa kusa da wayar. Kafin tashi ta gama. Alhamis da hantsi sunayen suka tafi.

Na gaya wa Madam gaskiya: mizajur ya dawo, amma sabo ba zai ƙara zuwa ba, a fara tunanin canji.

Tun daga ranar, kafin in kwance na'ura, sai na tambayi mai zama da ita yadda suke wuni.