Raihana Mai Kisra da Gwangwanin Amana

Raihana ɗiyar Salihu maƙwabciyata ce, katangar laka ɗaya ta raba mu tun kafin maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ƙauyenmu yana gefen Makwar, bakin kogi. Ubanta ɗan ƙodago ne a gonakin auduga, bai taɓa mallakar hawasha, wato gonar kansa, ko taku ɗaya ba, ita kuma tun tana ƙarama take tsinkar auduga har yatsunta suka yi kanta. Da ta girma ta koma tuyar kisra, wainar dawa marar kauri, tana kaiwa kasuwa. Ba ta da yawan magana, amma ba ta mantuwa. Ta taɓa gaya mini kalar rigar wanda ya zagi ubanta shekara talatin da suka wuce.

Da yaƙi ya zo, bankuna suka rufe, kuɗin takarda ya zama abin nema. Alamin ƙanen Raihana yana aiki a Jidda, mahaifiyarsu kuma ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Sai aka ce akwai kuɗin da ke tafiya cikin waya, ba ruwansa da banki. Mai yin wannan harka a garinmu mutum ɗaya ne, Abdulmuttalib, mai kanti kusa da masallaci, shi ke da faranti a kan rufi mai kamo shabaka, wato intanet. Shi zai buɗe maka asusu a wayarka, ya rubuta wasu kalmomi goma sha biyu a takarda, ya ce: "Kawo in ajiye maka, amana ce." Ya jefa a gwangwanin madara.

Mu kuwa tun kakanninmu da suka taso daga Sakkwato, amana ba a tambayarta. Ka ba dattijo zinari ko takardar gona, ba shaida, ba rubutu, kuma abin kunya ne ka ce a nuna maka. Haka muka miƙa takardun, har da ni.

Alamin ya aiko da kuɗin da za a kai tsohuwa asibitin Damazin. Raihana ta je kanti, aka buɗe waya, wayam.

"Ke ɗiyar Salihu, mi kika danna?" in ji Abdulmuttalib gaban mutane. "Hannun da ya saba da ƙullu, ina shi ina talafon? Ke kika watsar."

Aka yi dariya. Bayan kwana goma sha tara tsohuwa ta cika. Alamin ya ce wa Raihana ta waya: "Kin ci kuɗin maganin Inna." Daga ranar bai sake ɗaukar kiranta ba. Wannan ne ya tsaya mata a wuya, fiye da kuɗin.

Na ce mata: "Raihana, bar wa Allah." Ta ce: "Na bar maSa, Hajja. Amma Shi Ya ba ni idanu."

A makarantar da 'yan gudun hijira suka sauka akwai Ustaza Hanaa, dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar banki daga Madani. Raihana ta riƙa kai mata kisra kullum da hantsi, ita kuma tana koya mata sha'anin kuɗin waya. Abin da ta koyo sai ta zo ta juye mana wajen shan gahawar jabana, da irin bakinta.

"Bitkoyin shi ne babbansu," ta ce. "Kamar zinari yake, ana ajiyarsa, amma halinsa halin kogin nan: yau ya cika ya tumbatsa, gobe ka ga yashi. Mai kuɗin cefane ba ya wasa da shi. Akwai Itiriyom, wannan na masu ƙulla yarjejeniya ne a waya, ba namu ba ne tukuna. Namu shi ne USDT, an ɗaure shi jikin dala kamar akuya a turke, shi ’ya’yanku ke aiko muku. Kalmomin nan sha biyu kuwa, su ne makullin rumbu. Duk wanda ke riƙe da su, ko yana Makka zai iya kwashe hatsinki."

Muhsina matar liman ta dafe ƙirji: "Wallahi makullina yana gwangwani!"

"Na kowa yana can," in ji Raihana.

Abu na ƙarshe da Ustaza ta nuna mata shi ya sa na ga ta yi murmushi karo na farko tun rasuwar. Duk kuɗin da ya fita daga wani asusu zuwa wani yana barin sawu, ranar da lambar inda ya sauka, kowa na iya gani, ba mai iya sharewa. Lambar da kuɗin Inna ya sauka ita ce wadda Abdulmuttalib ya liƙa a bangon kantinsa don masu biya. Ko ɓoyewa bai yi ba, don bai ɗauka mai kisra za ta iya karantawa ba.

Ba ta yi ihu ba. Wata bakwai tana gaishe shi, har ƙarin kisra take yi masa. Cikin wannan lokaci mata suka buɗe sababbin asusu ɗaya bayan ɗaya, suka kwashe nasu, suka bar masa takardun banza. Nawa kalmomin na ɗinke su cikin matashi.

Ranar da dattawa suka taru ƙarƙashin dalbejiya bayan la'asar don damƙa wa Abdulmuttalib kuɗin takiyya, wato girkin sadaka da 'yan waje ke aikowa, Raihana ta zo da mayafinta ta durƙusa nesa kaɗan. Ta roƙi liman ya kira Alamin da wayarsa, tun da nata kiran ba ya ɗauka. Sannan ta ce a ɗauko takardar bangon kanti a gwada da abin da ke wayarta. Malamin makaranta ya karanta, harafi bayan harafi, har ƙarshe. Lambobin biyu suka zo ɗaya.

"Hajji," ta ce wa Abdulmuttalib, "hannun ƙullu ne ya danna, ko na amana?"

Ya ce kuskure ne, zai mayar, a rufa asiri. Ta ce: "Mayar wa Inna. Ka san inda take kwance."

Sai muryar Alamin ta fito daga wayar liman: "Yaya. Yaya Raihana, ki gafarce ni."

Ta yafe wa ƙanenta nan take. Abdulmuttalib kuwa har yau ba ta yafe masa ba, ni ma na daina yi mata wa'azi a kai. Kantinsa na buɗe, amma ko allura ba a ba shi ajiya, in ya shiga sahu mutane kan gyara aljihu. Takardarta ta karɓo daga gwangwanin, ta cusa a murhu, ta toya kisrar washegari a kanta. Ta aiko mini da biyu.